Kafintan da Ya Ƙi Sauka

Ƙarfe biyu da kwata na rana jirgin ya cika maƙil, saura kawai a rufe ƙofa, sai ga manajan filin jirgi ya shigo da takarda a hannu yana share gumi. Ya ja shugabar ma'aikatan jirgin gefe, wadda abokan aikinta ke kira Doguwa, ya yi ƙasa da murya.

"Mutum ɗaya zai sauka. Tikitin da aka sayar ya fi kujerun yawa, kuma wanda ke tsaye a waje babban abokin hulɗar kamfani ne."

"An nemi wanda zai haƙura da kansa?" in ji Doguwa.

"An faɗa sau ɗaya a ɗakin jira, ba wanda ya ɗaga kai. Kwamfuta ta zaɓa. Layi na ashirin da uku, bakin taga."

Shekararta sha ɗaya a wannan aiki, ta san irin wanda kwamfuta ke zaɓa: mai tikiti mafi araha, mai tafiya shi kaɗai, wanda ba shi da kaya a cikin jirgi. Ta karɓi takardar ta nufi baya.

Wani dattijo ta tarar, zai yi shekara hamsin da 'yan kai. Hannuwansa duk kanta, babban yatsansa na hagu guntu ne. Ya ɗaure bel ɗin kujera tamau kamar za a ƙwace masa, ya rungume wata babbar ambulan a ƙirji.

Ta rusuna. "Baba, sannu da zama. Don Allah a yi mana haƙuri, an samu matsala. Za ka sauka, mu ba ka masauki, gobe da safe ka bi jirgin farko."

Ya dube ta, ya dubi tikitinsa. "'Yata, ba nan ce kujerata ba?"

"Nan ce, Baba."

"To ni kafinta ne. Idan na yi wa mutum kujera ya biya, ba na zuwa in ɗaga shi in ba wani. Ba zan sauka ba."

Ta yi lallashi, ta yi bayani, ya kau da kai yana kallon taga. An kashe na'urar sanyi, zafi ya fara cin mutane. Wani jariri ya ɓarke da kuka. Daga gaba wani mai kwat ya ɗaga murya: "Haba! Mutum ɗaya zai tsare mutum ɗari? A fitar da shi mu tafi mana!"

Manajan bai ƙara jiran komai ba. Ya yi magana a wayarsa, minti uku ba a yi ba jami'an tsaro biyu suka shigo, takalmansu na ƙwas-ƙwas a tsakanin kujeru. Matan da ke zaune kusa da dattijon suka tashi da sauri suka ba da hanya.

"Tashi, malam," in ji babban jami'in.

"Ba zan tashi ba."

"Kar ka sa mu yi abin da ba mu so."

Kafintan ya sa hannu biyu ya riƙe hannun kujerar. Jami'in ya ɓalle masa bel, ya kama shi ta hammata ya finciko. Ƙarfin mai riƙe guduma ba wasa ba ne, ko gezau bai yi ba. Na biyun ya murɗe masa wuyan hannu. Kan dattijon ya bugi kujerar gaba, leɓensa ya fashe, jini ya ɗiga a farar rigarsa. Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Wayoyi suka tashi sama, kowa na ɗauka.

Dattijon bai yi ihu ba. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Ku bi ni a hankali, kar ku taɓa min ciki. Kar ku taɓa min ciki."

Ambulan ɗin ta faɗi, takardu suka watse a ƙasa. Doguwa ta durƙusa tana tattarawa, idonta ya sauka a kan ta sama. Takardar asibiti ce. An rubuta cewa a kwantar da shi yau kafin ƙarfe shida na yamma, gobe da sassafe a cire masa ƙoda ɗaya a dasa wa ɗansa.

Ta miƙe, ta kutsa tsakanin jami'an da dattijon. Tsawonta ya tare hanyar gaba ɗaya.

"Ku sake shi."

"Matsa, baiwar Allah."

"Na ce ku sake shi. Duk wanda ke cikin jirgin nan amanarsa a hannuna take."

Manajan ya matso, haƙoransa a cije. "Kin san abin da kike yi? Aikinki fa kike wasa da shi."

Ta tuna 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta da ke zaune a gidanta. Amma ta juya ga dattijon. "Baba, me ya hana ka faɗa min?"

Ya goge baki da bayan hannu. "Ba ki tambaye ni ba, 'yata. Kuma ciwon ɗana ba abin talla ba ne."

"Ka yarda in faɗa wa mutane?"

Ya daɗe yana kallon takardun da ke hannunta, sannan ya gyaɗa kai.

Ta taka zuwa gaba ta ɗauki lasifika. Ta faɗi gaskiya: kuskuren na kamfani ne, ba na dattijon ba, ga kuma abin da ke jiransa a asibiti. Ta roƙi ko akwai wanda tafiyarsa za ta iya kai gobe.

Mai kwat ɗin nan ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Kowa na kallon na kusa da shi. Manajan ya duba agogo, ya yi wa jami'an alama da ido, suka sake matsawa kusa da dattijon.

"Mijina zai sauka!"

Wata mata ce mai jiki, can layin ƙarshe, hannunta a sama. Mijin, wani siriri mai tabarau, ya zaro ido. "Ni?"

"Kai mana. Taron da za ka je, ba barci kake yi a cikinsa ba? Ni ce mai zuwa duba Inna. Tashi, maigida, lada na kiranka."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo, irin dariyar da ke fitowa bayan an sha tsoro. Mai tabarau ya sauko da jakarsa yana gunaguni. Da ya zo daidai dattijon sai ya tsaya, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah ya ba yaro lafiya, yaya. Ya tashi kafaɗunku duka."

Kafintan ya damƙe hannun mutumin ya ce, "Amin."

Jami'an suka fice ba tare da sun kalli kowa ba. Baƙon da ake jira ya shigo, ya rasa dalilin da idanu suka yi masa caa, ya wuce zuwa layin ƙarshe ya zauna kusa da matar mai tabarau. Doguwa ta kawo ƙanƙara a tsumma ta ɗora wa dattijon a leɓe. Sun tashi da jinkirin minti hamsin, suka sauka biyar saura. Ita da kanta ta fitar da shi kafin kowa, ta riƙe masa ambulan har bakin tasi.

Kwana uku bayan haka aka kira ta ofis. Bidiyon ya zaga ko'ina, don haka ba su kore ta ba, amma sun dakatar da ita mako biyu saboda saɓa umarni da yin magana a lasifika ba da izini ba. Ta sa hannu ba ta yi musu ba. Da aka tambaye ta ko tana da abin cewa, ta ce a riƙa gama irin wannan magana tun a ɗakin jira, a yi ta roƙo har a samu mai haƙura, kuma a tambayi mutum inda za shi kafin a taɓa shi. Wata sakatariya ta rubuta.

Ranar da ta koma aiki, mai karɓar waya a ofis ya miƙo mata wata 'yar takarda. Wata mata ce ta kira, ta ce ita surukar kafintan nan ce. An yi aiki lafiya, uba da ɗa suna ɗaki ɗaya, har tsohon ya fara ƙorafi cewa ƙafar gadon asibitin ta karkace.