Layi Huɗu a Gonar Doña Eudocia

Tun kafin Doña Eudocia ta ƙarasa gangaren gonarta ta hango ɓarnar. Ciyawar da ke ƙarƙashin layi huɗu na bishiyoyin gahawarta ta ƙone ƙurmus. Shekara ashirin ƙasar nan ba ta san maganin feshi ba, daga adda sai takin ɓawon gahawa. Da shaidar rashin feshin nan ake sayen gahawarta.

Mijin 'yarta, Arnulfo, yana tsaye yana sosa ƙeya, ga famfon feshin maƙwabci jingine a gindin ayaba.

"Haba Doña, saran ciyawa ne ya karya min baya," in ji shi. "Layi huɗu kacal! Mai duba gonakin da zai zo jibi don tabbatar ba a yi feshi ba, bai taɓa saukowa nan ba. Masu kurɓar gahawar espresso a ɗan finjali kuwa, ina za su gane?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta kwance jan ɗankwalinta, ta yaga shi gida huɗu, ta bi layukan tana ɗaura wa kowanne alama.

"Jibi da kaina zan jawo shi nan ya gani," ta ce. "Shekara uku ko ƙwaya ɗaya daga layukan nan ba za ta shiga buhuna ba."

"Ki kai ƙarar kanki? Wa ya aike ki?"

"Sunana ne a jikin buhun, ba naka ba."

Ta dangwara masa addar a hannu.

"Ungo. Bayan naka ya huta haka nan. Saura layi tamanin."