Ɗiban Lebura Ana Girbi

Malam Kailani maɗinki ya soke allurarsa a wuyan rigar da yake wa aiki, ya ce wa ɗansa Salmanu ya rage murya. Tun la'asar saurayin yake zuba a zaure, shi da abokansa Sabo da Mahmudu, a kan mutanen da Turawa suka ce a ɗebo daga Tudun Wada don aikin hanyar jirgi, ga dawa ta nuna a gona. Sabo ya ce kowa ya ƙi fita, Mahmudu ya ce a gudu ƙauye. Tsohon ya ce ya ga abin da bindigar Nasara ta yi wa waɗanda suka fi su baki, kada a sake wannan zance a gidansa.

Washegari da hantsi aka tara maza a ƙofar mai unguwa, dogari na tsaye a gefe. Aka fara nuna mutane da sanda. Salmanu ya waiwaya, ya ga Sabo ya sunkuyar da kai, Mahmudu ko bai zo ba. Sai ya fito, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce ba ƙin aiki suke ba, amma in aka kwashe majiya ƙarfi yanzu hatsi zai lalace a gona, baɗi kuma ba mai ci balle mai biyan haraji. A bari a gama girbi.

Dogari ya tambaya ɗan wane ne wannan marar kunya.

"Nawa ne," in ji Malam Kailani daga baya, yana miƙewa a hankali. "Kuma bai faɗi ƙarya ba, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Daga bisani ya ce masu hatsi a gona su koma sai an kai amfani gida, amma mai bakin, shi zai fara tafiya yau.

Inna Hajo, uwar Salmanu, ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli tana share ido. Uban ya karɓi ƙunshin, ya ƙi bari ɗan ya riƙe. Akwai gajeriyar hanya zuwa tasha ta bayan gidaje, amma ya ce ta cikin kasuwa za su bi. Duk rumfar da suka wuce sai ya tsaya ya yi sallama, hannunsa a kafaɗar Salmanu.