Kujera a Ƙarshen Sahu

Shekara biyu na yi ina sallah a kan kujerar roba, a ƙarshen sahu, jikin bango. Gwiwar hagu ce ta ƙi. In na yi sujada ba na iya tashi sai an kama ni. Ranar da na faɗo a kan Alhaji Kabiru mai tireda, ladan ya kawo kujerar ya ajiye.

Mutane na ganin gata aka yi mini. Ba su san cewa tun da matata Yagana ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama garinsa, babu inda jikin mutum ke taɓa nawa sai a sahu ba. Daga kujera zuwa mutumin da ke kusa akwai taku guda. Ɗaya gefen bango ne, na kuma san duk wata tsaga da ke jikinsa. Akwai wadda ta yi kama da raƙumi a durƙushe.

Wata safiya na je sayen man zafi a kemis ɗin Matthias, wani ɗan kudu da ya tsufa tare da mu a Ƙofar Wambai. Bai buɗe ba. Na leƙa bayan shagon, na gan shi ƙarƙashin darbejiya yana tura iska da tafin hannu, yana ɗaga ƙafa kamar hawainiya a kan reshe. Ni kuwa tun ina yaro nakan wuni ina kallon hawainiya.

"Matiyas, aljanu kake kora?"

"Hawan jini nake kora, Baba Ɗanlarai. Ajiye sanda, zo nan."

Ya ce sunan abin taici. Wani ɗan Caina ne ya koya masa, lokacin da yake direban masu aikin titi. Ya sa na ɗan lanƙwasa gwiwa, na shaƙi iska ta hanci har cikin ciki. Ya ce in ɗauka ƙafafuna tulu biyu ne, nauyina kuma ruwa, in riƙa juye shi daga wannan zuwa wancan kada ɗigo ya zube. Sannan ya ce in fara takawa da hagu.

"Da hagu? Banɗaki zan shiga?"

"Haka ake farawa."

"A Caina. Ni ko takalmi ban taɓa fara sawa da hagu ba."

Ya ƙyale ni. Sati uku ina zuwa bayan gari ya waye, yana farawa da hagu ina farawa da dama. Barci ya soma zuwar mini da wuri. Tunanin da ke zaune a ƙirjina yakan ɗan matsa, don mai juye ruwa ba ya da sukunin tuna komai. Gwiwar dai tana nan yadda take.

Ran nan ya tsaya yana kallona. Hausarsa ta 'yan kasuwa ce, komai namiji ne a bakinsa.

"Baba, ƙafa ɗin nan bai mutu ba. Kai ne ba ka ba shi aiki. Kullum dama ya tafi, ya ɗauki kaya, hagu kana jan shi kamar akuya za a kai kasuwa."

Na kwana biyu ban je ba. A rana ta uku, ina fitowa daga sallar Asuba, na ga da hagu na tsallake dokin ƙofar masallaci, kamar yadda aka koya mana. To, ashe ita ma tana da ƙofar da take wucewa gaba. Na ce a raina, in ɗauka fita nake yi.

Da na koma wurin Matthias, na taka da hagu, na soma juye ruwan. Ƙafar ta kama rawa, zufa ta keto mini. Matthias ya miƙo hannu amma bai taɓa ni ba.

"Rabi ya isa. Gobe ma rana ne."

Haka muka yi har bayan Kirsimeti, lokacin da ɗansa ya zo ya tafi da shi gida. Ya ce zai dawo. Shagon ya koma na sayar da kayan waya. Na ci gaba a tsakar gidana ni kaɗai, ƙadangaru na gyaɗa mini kai.

Wata Laraba da La'asar, da aka tayar da iƙama, na wuce kujerar na shiga sahu na biyu. Alhaji Kabiru ya dube ni ta gefen ido.

"Malam Ɗanlarai, in za ka faɗi yau ka faɗi can. Ni na karɓi rabona."

Duk da haka ya matso, kafaɗarsa ta haɗu da tawa. Rigarsa na ƙanshin sabulu da magi.

Daga sujadar raka'ar farko na shaƙi iska, na kafa hagu, na juye. Na miƙe bayan kowa, amma na miƙe. Bayan zaman tahiya sai gwiwar ta ƙi. Na gwada sau biyu, na haƙura. Raka'a biyun ƙarshe a zaune na yi su a kan darduma, a tsakiyar sahu, gefen rigunan mutane na shafar kunnuwana. Ba wanda ya matsa.

Da aka idar na bi ta tsohon kemis. Yarinyar da ke tsaron shagon ta ce ba ta san wani Matthias ba, ba ta kuma da lambarsa. Na ɗan tsaya ƙarƙashin darbejiyar, sannan na nufi gida in shafa man zafi. Magariba raka'a uku ce, zan sake gwadawa.