Ƙwayar Masara Mai Shekara Dubu

Garba bai taɓa ganin mutum mai digiri uku yana wanke ƙasa ba sai da Allah ya haɗa shi da Dakta Malachi. Shekara tara ke nan yana aikin lambu a gidan Daktan da ke Nassarawa GRA, amma har yau abin bai daina ba shi dariya ba.

Dakta malamin jami'a ne, mutumin kudancin Zariya. Duk rani sai ya kwashi ɗalibai su tafi wani tsohon kufai su yi ta haƙa, ya dawo da buhunan ƙasa, kowanne da lambarsa. A bayan gida zai zuba ƙasar cikin duro mai ruwa ya dama. Duk abin da ya ƙone sai ya taso sama, ya tace shi da ƙyalle, ya shanya a faranti. Sannan ya wuni a ɗaki yana leƙen baƙaƙen ɓurɓushin ta madubi mai ƙara girman abu.

"Malam Garba," yakan ce, "ƙwayar da ta ƙone ba ta ruɓewa. Wannan gero ne, wannan wake, wannan ƙwallon magarya. Wata mata ce ta bar tukunyarta ta kama shekara dubu da suka wuce, mu kuma yau muna karanta abin da ta dafa."

Garba yakan gyaɗa kai don ladabi. A zuci kuwa cewa yake, matan ƙauyensu can ƙasar Katsina ma suna rege, amma su tsakuwa suke zubarwa su ci hatsin.

To, Garba yana da wani sirri. Madam Kezia, matar gidan, ta kafa doka tun farko: furanni kawai za a shuka, ban da masara, don tana tara sauro. Shi kuwa manomi ne ɗan manomi, damina ba ta wuce shi hannu rabbana. Sai ya lallaɓa ya shuka kara bakwai a lungun da ke tsakanin katanga da tankin ruwa, inda Madam ba ta taɓa taka ƙafa ba.

Wata Litinin cikin watan Agusta aka goce da ruwa da yamma. Masu gida ba sa nan. Garba ya karyo masara guda, ya hura gawayi a kurfoti, ya fake a rumfar baya, inda Dakta ya jera farantansa don kada ruwa ya taɓa su. Gefe ɗaya na masarar ya ƙone ƙurmus. Ya sa farce ya ɗalle ƙonannun ƙwayoyin, suka tarwatse, ya cinye sauran da daɗinsa, ya share wurin tas.

Ranar Laraba da hantsi yana aske ciyawa ya ji ihu daga ɗakin karatu. Ya yar da almakashi ya ruga, a zatonsa maciji ne. Ya tarar da Dakta yana tsalle da silifa ɗaya.

"Zo ka gani! Faranti na goma sha huɗu, ƙasar can ƙasan rami! Masara, Malam Garba, masara!"

Garba ya leƙa farantin. "Masara kuma, ranka ya daɗe? Ai masara ba abin mamaki ba ce."

"A wannan ƙasar abin mamaki ce! Masara baƙuwa ce, daga ƙetaren teku aka kawo ta, ba ta fi shekara ɗari biyar a nahiyar nan ba. Ƙasar da ta fito a ciki kuwa ta kai dubu. Ni na ɗaure buhun da hannuna, ni na kwance. Gidan nan kuma ko kara ɗaya na masara babu, ka san dokar Madam."

"Haka ne," in ji Garba, da wata 'yar siririyar murya.

Kafin azahar Dakta ya buga wa tsohon malaminsa waya, wani Farfesa a Zariya da ya taɓa ce masa a gaban jama'a yana da gaggawa. Farfesa ya ce zai zo Asabar da abokan aiki biyu su gani da idonsu. Madam ta aika a sayo kaji.

Garba ya rasa inda zai sa kansa. In ya yi magana, asirin lungu ya tonu, ga ɓarnar aikin maigida, ƙila shekara tara ta ƙare a bakin get da jakar kaya. In ya yi shiru, mutumin da ya kai masa matarsa asibiti a motarsa ranar haihuwa zai tsaya gaban manya yana rantsuwa a kan masarar da aka gasa shekaranjiya.

Ya je ya sami Sanusi maigadi, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya zayyana masa komai. Sanusi ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ka cika tsoro. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa na da 'yancin ya ja bakinsa ya yi shiru. Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni."

"To, wannan kuma ɓangaren shari'a ne," in ji Sanusi, ya ƙara muryar rediyonsa. Shawarar Sanusi ke nan kullum, ba ta ƙare mutum da komai.

Alhamis ta wuce Garba bai iya haɗa ido da kowa ba. Dakta kuwa sai fara'a, har ya ba shi wata tsohuwar riga mai kyau, wai ya sa ranar Asabar. Rigar nan ta fi mari zafi.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci, bai ko cire hularsa ba ya nufi lungu. Ya karyo masara, ya gasa ta har gefe ya ƙone, ya ɗora a murfin kwano, ya yi sallama a ƙofar ɗakin karatu. Dakta da Madam suna ciki suna tsara wurin zaman baƙi.

"Ranka ya daɗe, ga 'yan'uwanta na kawo."

"'Yan'uwan wa?"

"Ta faranti na sha huɗu. Kara ɗaya suka fito. Ni na shuka, ni na gasa, ranar Litinin, a rumfa. Shekarunta ba su kai dubu ba, yau kwananta huɗu."

Madam ta buɗe baki ta kasa rufewa. Dakta ya sa ɗan hantsaki ya ciro ƙwaya ɗaya daga ta Garba, ya ajiye kusa da tasa a ƙarƙashin madubi, ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda ya sha maɗaci.

"Har shatar farcenka tana jikin tawa," ya ce a hankali. "Kwana biyu ina kallonta, ban so in gani ba."

Ya tashi ya ɗauki faranti na goma sha huɗu ya fita, Garba na biye da shi. A gindin mangwaro ya kife shi, har da geron da waken da ke ciki, don tunda baƙo ya shiga, ba wanda za a ƙara yarda da shi. Garba ya san abin da aka zubar, haƙan mako biyu ne cikin zafin rani. Sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Da korarsa aka yi da ta fi masa sauƙi.

"Yallaɓai, in tattara kayana?"

Dakta ya dube shi, ya dubi murfin kwanon da har yanzu yake riƙe da shi, sai kawai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a kan bokiti.

"Masarar shekara dubu! Kai, Garba! Ka san gobe Farfesa zai fara shinshinarta ne kafin ya duba?"

Madam ce ba ta yi dariya ba, ko kuma ta yi ta ɓoye. Ta sa aka kai ta lungu, ta ƙirga karan nan ɗaya bayan ɗaya, ta yanke hukunci nan take: duk abin da ya nuna a kai shi kicin ɗinta, kuma daga yau kurfoti ba ya ƙara matsar rumfa.

Dakta ya ciro waya ya kira Zariya, Garba na tsaye a gefe yana murza hula.

"Farfesa, kada ku wahalar da kanku gobe. Kuskure ne, masarar bana ce ta faɗa a ciki. E, na yi gaggawa, na yarda." Ya saurara kaɗan. "A'a, ba ni na gano ba. Abokin aikina ne, Malam Garba. Mutum ne mai tsantseni, ba ya barin abu ya wuce."

Garba ya waiga ya ga ko akwai wani Garban a bayansa. Babu kowa sai tankin ruwa. Ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya jawo tiyo ya shiga ba furanni ruwa, alhali da asuba aka sheƙa ruwan sama.