Cukun da Ya Hana Girki

Abin da ka ƙi ci don tsoron Allah, ya halatta ka miƙa wa maƙwabcinka? Tambayar da ta tsaya wa Injiniya Muhsin a wuya ke nan tun da ya dawo Doha daga Sifen.

Taro kamfaninsu ya tura shi. Da aka tashi, ya kutsa wata tsohuwar kasuwar unguwa neman tsaraba. Ga zaitun, ga kifi kan ƙanƙara, ga cinyoyin alade rataye reras. Wata dattijuwa mai sayar da cuku ta ga baƙo ne, ta yanko masa ƙaton ɓari kyauta. Sai da ta naɗe ta miƙo tana murmushi ya lura: da wuƙar nan ta gama yanka wa wani naman alade. Kunya ta hana shi mayar mata.

Yanzu cukun na zaune a firjinsu a unguwar Bin Omran, warinsa ya kama har ruwan sha.

"Abban Haulatu," in ji matarsa Fiddausi, "ko ka ci, ko ka zubar."

"Zubar da abinci almubazzaranci ne. Kyauta ce fa."

"To, fere inda wuƙar ta taɓa."

"Ke kin san iya inda maiƙon ya ratsa?"

"Malachi fa? Ga shi ƙofa da ƙofa, su ba a hana su ba."

Malachi nas ne, Kirista mutumin Kafanchan, shi ke kai musu Haulatu makaranta in aiki ya riƙe Muhsin.

"Ba zan kai ba. Abin da na ƙyamata? Na mai da shi bola ke nan."

"Firjina kuwa bola ce ko? Kunun ayar da na yi wa baƙi jiya warin safa yake. Khalas, shi ke nan! Ban ƙara ɗora tukunya sai abin nan ya fita."

Ya zaci wasa ne. Azahar ta wuce, murhu a sanyaye. Ya buɗe firji, ya rufe, ya yi tsaki, ya sake buɗewa. Tambayar na nan yadda take, ga yunwa ta ƙaru a kai.

Bayan La'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar Malachi.

"Ɗan'uwa, tsaraba ce, amma sai ka ji labarin wuƙa tukuna."

Malachi ya saurara har ƙarshe, ya sunsuna ƙunshin, ya tuntsire da dariya.

"Injiniya, ashe abinci ne! Warin nan ne matata Angelina ta sa na kwance na'urar sanyi ina neman mushen ɓera."

Muhsin bai yi dariya ba. Ya miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda dattijuwar ta miƙo.