Hannun Katsina

"Garba, buɗe zauren nan ko mu ɓalle shi!"

Hamisu ne, ƙanen Ɗan Azumi, da sanda a hannu da mutum wajen ashirin a bayansa. Na tokare ƙyauren da bayana. A ciki direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, Lawali, wani saurayi ɗan Maradi da ban taɓa gani ba sai hantsin nan. Ya faɗo zaurena da gudu don shi kaɗai ya samu a buɗe. Kai, da na sani da na garƙame shi tun da safe.

"Ku jira gardi, ɗan sandan gwamnati," na ce. "An aika Maradi."

"Ya take mana ɗan'uwa, kai kuma kana ɓoyonsa?"

Ɗan Azumi maƙwabcina ne, darni ɗaya ya raba mu. Rani bakwai ya yi a Katsina yana tallar bandar kifi, can ya koyi keke, ya dawo Madarumfa da nasa. Ban taɓa ganin mai ladabin hanya irinsa ba. Jaki ma sai ya kaɗa masa ƙararrawa ya ce gafara. Mukan yi masa tsiya cewa wata rana zai sauka ya gaida kaza.

Abin da ya dame ni, ni kaɗai na ga yadda aka yi. Ina ɗaure kara a gonata, bakin hanyar Maradi. Hanyar yashi ce, kowa tsakiya yake bi. Kamiyon ya taho da buhunan gyaɗa, Ɗan Azumi ya taho daga gaba a kan kekensa. Direban ya danna oda tun daga nesa, ya rage gudu, ya kauce dama yadda dokar Faransa ta ce. Ɗan Azumi ya ɗaga masa hannu, shi ma ya kauce don ya ba shi hanya. Amma hagu ya bi, yadda ake yi a Katsina, ƙasar Ingilishi. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa hanya, sai suka haɗu a gefe ɗaya.

In na faɗa, na ɗora wa mai mutuwa laifi a gaban danginsa, kuma a unguwar nan zan zauna har tsufana. In na yi shiru, Lawali ya sha sanda, ko gardi ya ɗaure shi da igiya zuwa gidan kaso. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na ja bakina.

Bayan azahar Tani, matar Ɗan Azumi, ta kira ni ta bayan darni.

"Malam Garba, maigida na kira. Ya ce da kai da baƙon."

Ƙofa ba ta biyuwa, sai na ɓare darnin daga ciki muka kutsa. Duk da haka Hamisu ya hango mu, ya biyo mu har ɗaki da mutum uku, suka cika ƙofa. Ɗan Azumi na kwance kan gadon kara. Maɗori ya duba ƙirjin tun ɗazu ya fita bai ɗaura komai ba. Ɗakin zafi, ga warin kifin da aka tsinto daga yashi.

"Kai ne mai motar?" in ji Ɗan Azumi.

Lawali ya durƙusa. "Ni ne, Baba. Na kauce, wallahi na kauce."

"Na gani, yaro." Ya juyo da ido kaina. "Garba, kana gona. Wane hannu na bi?"

Hamisu ya zuba mini ido.

"Faɗi mana, maƙwabci. Ni numfashina ba ya isa."

"Hagu," na ce.

"Ɗaga murya. Hamisu kurma ne in ya yi fushi."

"Hagu ka bi. Shi dama ya bi, bisa doka."

"Yauwa. Haka za ka gaya wa gardi." Ya yi tari, Tani ta share masa baki da gefen mayafi. "Shekara biyu ina tuna wa kaina an gama da Katsina. Yau hannu ya riga ni. Hamisu, ajiye sandar nan, a ɗakina kake."

Hamisu ya jingina ta da bango. Bai dube ni ba.

Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Gardi ya iso a kan doki, na maimaita masa maganata a gaban kowa. Ya dubi Lawali, ya mayar da igiyarsa cikin jaka. Lawali bai tafi ba, sai ya nemi buta ya yi alwala.

Maƙabartarmu sai an bi wani yanki na hanyar Maradi. Muka wuce kamiyon Lawali a tsaye, keken a lanƙwashe jikin tayarsa. Ina riƙe da makarar daga baya, Lawali a gefena, Hamisu a gaba. Can sai ga wani kamiyo ya taho. Direban ya hango mu, ya kashe injin.

Hamisu ya tsaya kaɗan a tsakiyar yashi. Sannan ya gyara makarar a kafaɗarsa, ya ja mu dama.