Ruwa a Gwangwanin Corbin

Corbin Yoakum ya ci abinci a gidanmu har ya san inda nake ajiye gishiri. Shi da mijina Delmar suka kafa kamfanin ƙera salansa mai rage ƙarar bindiga a Idaho, abin da mu 'yan sana'a muke kira gwangwani. Kasuwa na buɗewa ya kwashe zanen Delmar da maƙeranmu ya kafa nasa, ya bi dillalai yana cewa waldarmu tsagewa take yi. Da wannan baƙin ciki Delmar ya shiga kabari. Ban yafe ba, ban ma gwada ba.

Bana babban dillalin yankinmu, Mista Orval Pruett, ya kira mu biyu filin harbi, ya ce kamfani ɗaya zai ɗauka. In ya ɗauki Corbin, na rufe ke nan.

Corbin ya iso yana washe baki.

"A'a, Lorna, matar abokina! Har yanzu ana fama? Ki sayar min da injinan nan ki huta mana."

"Abokinka? Wanda ko jana'izarsa ba ka leƙo ba?"

Shi ya fara harbi. Ƙarar ba ta fi tafi ba. Pruett ya cire abin toshe kunnensa, wanda a wajenmu yabo ne babba. Ni kuwa ɗan tururin da ya fito daga bakin gwangwanin nake kallo. Ashe mutumin ruwa ya ɗiga a ciki! Ruwa yana haɗiye ƙara, amma nan da nan yake ƙafewa. Shi ya sa ya yi harbi kaɗan ya ajiye bindigar, ya kama surutu.

Wani daɗi ya kama ni har cikin ƙashi.

"Kai, Corbin, abin nan ya yi!" na ce. "Mista Pruett, ai da hannunka ya kamata ka ji daɗinsa. Ka ƙarar da harsashin duka."

"Ya yi zafi, a bari ya huce," in ji Corbin.

"Daga ɗan wannan harbin? Ko waldar ce ba ka yarda da ita ba?"

A sana'armu ba a hana dillali bindiga. Corbin ya miƙa masa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Pruett ya fara harbi, kunnensa a buɗe. Ƙarar ta yi ta hawa, har ya yamutsa fuska ya dire bindigar yana girgiza kai.

"Jiƙa shi ka yi?" ya daka wa Corbin tsawa. "Ni za ka mayar yaro?" Ya juyo wajena. "Kawo naki, Lorna. Sai na leƙa cikinsa tukuna."

Corbin ya matso kusa da ni.

"Delmar ba zai taɓa yi min haka ba."

"Wallahi ba zai yi ba," na ce. "Sai dai shi ka riga ka gama da shi. Ni ka rage."